Tarihin marigayi Francis Bebey, ɗan Kamarun da ya ƙi yarda a zaɓa masa kiɗa saboda launin fatarsa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Garwa ko Pitowa ko Mubi ko Kuseri ya san wata ɗabi'a da muke da ita, wadda muka gada tun zamanin masu sayar da kaset, har zuwa yau da ake tura waƙoƙi a waya. Da zarar mutum ya tsaya a gaban teburin mai waƙoƙi, kafin ya buɗe baki an riga an dubi hularsa da fuskarsa, an yanke masa abin da yake so. In mai babbar riga ne, sai a ɗauko masa Shata ko Ɗan Maraya ko waƙar Indiya. In ɗan kudu ne, wanda a nan arewa ake kira Gadamayo, sai a miƙo masa makosa ko bikutsi. Mu ma haka ake yi mana idan muka sauka Duwala ko Yawunde da albasa ko shanu, domin a can duk ɗan arewa sunansa Bahaushe, ko da Bafulatani ne ko ɗan Tupuri ko Mundang, kuma ana ɗauka kunnensa bai san komai ba sai algaita da kalangu.

Mutumin da za mu kawo muku tarihinsa a yau haifaffen Duwala ne, amma mun zaɓo shi ne saboda irin wannan hukunci da ake yanke wa kunnen mutum tun kafin a tambaye shi, shi ne abin da ya yi fama da shi tun yana yaro har ya tsufa. Sau biyu aka so a zaɓa masa kiɗan da ya dace da baƙin mutum, da farko a garinsu, daga baya kuma a Turai, kuma duka biyun bai amince ba. Wannan mutum shi ne marigayi Francis Bebey, makaɗin jita, mawaƙi, ɗan jarida kuma marubucin littattafai.

Haihuwarsa da tashinsa

An haifi Francis Bebey ranar 15 ga watan Yuli na shekarar 1929 a birnin Duwala, lokacin da wannan ɓangare na Kamaru yake hannun Faransawa, bayan an kori Jamusawa a yaƙin duniya na farko. Mahaifinsa fasto ne, saboda haka kiɗan da ya fara shiga kunnensa na coci ne, wato waƙoƙin da 'yan mishan suka zo da su daga Turai, tare da kaɗe-kaɗen tsofaffin makaɗan nan haifaffun Jamus, Bach da Handel. A wancan zamani makarantun mishan da na gwamnatin mulkin mallaka suna cusa wa yara cewa kiɗan Bature shi ne na wayayyun mutane, na gargajiya kuwa na duhun kai ne, wanda duk ɗan da ke son ci gaba zai nisanta. Yaro ya tashi yana rera waƙoƙin Turawa, kuma har ga zuciyarsa yana son su, bai taɓa daina son su ba har ƙarshen rayuwarsa.

Sai dai akwai wani maƙwabcinsu mai kaɗa kayan kiɗan gargajiya, wanda masu zuwa coci ba sa kallonsa da daraja. A wajen wannan mutum ne Francis ya fara sauraren kiɗan ƙasarsu da kunnen basira, duk da cewa a gida ba a son hakan. Nan ne aka fara zaɓa masa, aka nuna masa cewa ɗan makaranta kuma ɗan fasto ba ya sauraren irin wannan. Shi kuwa sai ya riƙe duka biyun, na coci da na maƙwabci, ya ƙi sakin ko ɗaya.

Yayansa Marcel Bebey Eyidi, wanda daga baya ya zama likita kuma ɗan siyasa, shi ne ya ba shi abin kiɗansa na farko, wato banjo, kafin ya koma kan jita. Yana da kyau mu ɗan tsaya a kan wannan banjo, domin labarinsa ya shafi maganarmu. A yau idan aka ambaci banjo a Amurka, abin da ke zuwa ran mutane shi ne farar fata mazauna ƙauye. Alhali kuwa bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a can, da ƙwarya da fata da tsirkiya, kamar dai yadda muke haɗa molo ko garaya ko gurmi. Rarraba kiɗa bisa launin fata kuwa 'yan kasuwa ne suka ƙarfafa shi. Daga shekarar 1920 kamfanonin faifan garmaho na Amurka suka riƙa ware jerin faya-fayan baƙar fata daban da na fararen ƙauye, domin sauƙin talla, har jama'a suka ɗauka haka Allah Ya halicci kunnuwan mutane. Ashe abin da ya shiga hannun yaron Duwala a matsayin kayan Turawa, na kakanninsa ne ya dawo gida da sabon suna.

Karatunsa da aikinsa

A farkon shekarun 1950 ne Francis Bebey ya tafi Faransa neman ilimi, inda ya yi karatu a jami'ar Sorbonne da ke birnin Faris, ya kuma koyi aikin rediyo, sannan ya ƙaro karatu a birnin New York na Amurka. A Faransa ne ya haɗu da wani yaro ɗan garinsu mai suna Manu Dibango, wanda ya girme wa da shekara huɗu, ya kuma nuna masa hanyar kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka. Wannan Manu shi ne ya zo ya girgiza duniya da waƙar Soul Makossa a shekarar 1972. A can ne kuma Francis ya ji kiɗan Andrés Segovia, gwanin jita na ƙasar Sifen, abin ya shiga ransa, ya duƙufa wajen koyon irin wannan kaɗawa da ake yi da yatsu, mutum ɗaya a zaune, babu ganga babu rawa, jama'a sun yi tsit suna saurare.

Ya yi aikin rediyo a Ghana bayan ƙasar ta sami 'yancin kai a 1957, kuma a 1961 ya kama aiki da Hukumar Ilimi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, a birnin Faris, inda daga bisani ya zama shugaban sashen da ke kula da harkar kaɗe-kaɗe. A 1963 ya wallafa littafi a kan yadda gidajen rediyo ke aiki a ƙasashen baƙar fata na Afirka.

A nan Turai ne ya tarar da zaɓi na biyu. A Duwala an ce da shi ya bar kiɗan Afirka. A Turai kuma mafi yawan masu saurare a wancan lokaci abin da suke jira daga ɗan Afirka shi ne ganga da tsalle da gumi, suna ganin rawa a jinin baƙin mutum take, kiɗan natsuwa da tunani kuwa nasu ne. Wannan ra'ayi yakan zo da siffar yabo, amma a ƙarƙashinsa raini ne, domin ma'anarsa ita ce baƙin mutum ba ya koyo, ba ya zaɓe, jiki ne kawai ke motsawa. Francis Bebey ya ba su amsa da aiki. Ya riƙa hawa dandali sanye da kwat, jita a cinya, yana kaɗa abin da shi da kansa ya tsara, inda salon Sifen ya haɗu da amon bakin tekun Kamaru, kuma a tsakiyar shekarun 1960 ya fara fitar da faya-fayan jita zalla.

Littattafansa

A 1969 ya wallafa littafinsa mai suna Musique de l'Afrique, wato Kiɗan Afirka, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1975. A ciki ya yi bayanin kayan kiɗa iri-iri, na tsirkiya da na busa da na bugu, domin ya nuna cewa ganga ɗaya ce daga cikinsu kawai. Ya nuna yadda kiɗanmu ke tafiya da aikin yau da kullum, noma da daka da suna da biki da mutuwa, da kuma yadda abin kiɗa ke kwaikwayon maganar ɗan Adam. Mu da muka tashi muna jin kalangun mahauta yana kiran sunan mutum a bakin kasuwa ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan. Har ila yau ya yi magana a kan maroƙa da makaɗan fada na Afirka ta Yamma, waɗanda ke riƙe da tarihin gidaje da sarautu, amma jama'arsu na jin tsoron bakinsu suna kuma raina su. Littafin yana da masu karatu iri biyu: Baturen da ke jin kiɗanmu kamar hayaniya, da ɗan bokon Afirka da ke jin kunyar abin gidansu.

Kafin wannan, a 1967, ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Le Fils d'Agatha Moudio, wato Ɗan Agatha Moudio, wanda ya ci babbar kyautar adabin Afirka ta masu rubutu da Faransanci a 1968. Labarin wani matashi ne masunci a kusa da Duwala, wanda matarsa ta haifi ɗa fari tas, aka yi ta jiran fatarsa ta yi duhu, ba ta yi ba, ƙarshe dai gida ya karɓi yaron. Da raha ya ba da labarin, amma tambayar da ke ciki mai nauyi ce, wato ko launin fata ne ke nuna na gida da bare. A 1973 kuma ya rubuta La Poupée ashanti, wato 'Yar Tsanar Ashanti, labarin matan kasuwar birnin Akara da yadda suka tsaya tsayin daka wajen kare haƙƙinsu a gaban hukuma. Wannan ya nuna cewa mutumin ya zauna da 'yan kasuwa, ya kuma san darajarsu.

Barin aikin albashi

A shekarar 1974, yana da shekara 45 a duniya, ga iyali, Francis Bebey ya ajiye aikin UNESCO domin ya ba kiɗa da rubutu dukkan lokacinsa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin yaron shago ya kafa nasa teburi ya san irin wannan kasada. Ya mayar da wani ɗaki a gidansa na Faris wurin ɗaukar waƙa, ya kafa ɗan kamfaninsa na faifai mai suna Ozileka, ta yadda babu wani mai kamfani da zai gaya masa irin kiɗan da ya kamata ɗan Afirka ya yi. Ya sayi na'urorin kiɗa na lantarki, irin abin da masu waƙoƙin fim a Kano suke kira fiyano, da na'urar da ke buga ganga da kanta, a lokacin da makaɗan Afirka ƙalilan ne suka taɓa su. Shi kaɗai yakan kaɗa wannan ya ɗauka, ya kaɗa wancan ya ɗora a kai, har waƙa ta kammala.

Daga wannan ɗaki ne waƙoƙin da suka sa sunansa ya shiga gidaje suka fito, irin su Agatha da La Condition masculine, waɗanda ya rera da Faransanci irin na titunan Kamaru, cike da barkwanci. Ta biyun, wadda ke ba da labarin wani magidanci da ke kukan matarsa ta canza masa tun da ta ji zancen 'yancin mata, ita ce ta ci masa kyautar waƙar Faransanci ta ƙungiyar mawaƙan Faransa, SACEM, a 1977. Dattawanmu na Garwa da Marwa da Ngaundere da suka mallaki rediyo a wancan zamani za su tuna muryarsa.

Bayan haka sai ya sake juyawa, ya ɗauki kayan kiɗan da ko 'yan birnin Afirka ma suke rainawa. Na farko shi ne sanza, ɗan akwatin katako mai siraran ƙarafa da ake taɓawa da manyan yatsu. Na biyu kuma wata 'yar sarewa ce mai murya ɗaya tak, ta mafarautan kurmin Afirka ta Tsakiya, gajerun mutanen nan da Turawa ke kira Pigmi, waɗanda maƙwabtansu baƙaƙe ma ba sa ɗaukarsu a bakin komai. Mai busa ta yakan busa sau ɗaya, ya cike da muryarsa, ya sake busawa, har abu biyun su zama waƙa guda. Francis Bebey ya koyi wannan, ya haɗa shi da na'urorin lantarki, ya kai shi manyan dandalin duniya, har da zauren Carnegie na New York. Shi ne kuma ya tsara kiɗan fim ɗin Yaaba na Idrissa Ouédraogo ɗan ƙasar Burkina Faso, wanda ya fito a 1989. Faya-fayan da ya fitar a rayuwarsa sun haura 20.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Francis Bebey ya rasu a birnin Faris ranar 28 ga watan Mayu na shekarar 2001, yana da shekara 71. Bayan shekara 11 da rasuwarsa, a 2012, wani kamfanin faifai na Faransa mai suna Born Bad ya tattara waƙoƙin da ya yi da na'urorin lantarki tsakanin 1975 da 1982 ya sake fitar da su, a 2014 kuma ya ƙara da na sanza, sai ga samarin Turai da Amurka da ba su taɓa taka Afirka ba suna neman su. A 2016 'yarsa, marubuciya Kidi Bebey, ta wallafa littafi a kan rayuwar gidansu. A 2017 kuma ƙungiyar mawaƙan Kanada mai suna Arcade Fire ta gayyaci ɗansa Patrick Bebey ya busa musu waccan sarewar kurmi a waƙarsu Everything Now, da amon da aka ɗauko daga wata tsohuwar waƙar mahaifinsa. Yadda yaron Duwala ya so Bach, haka fararen Kanada suka so busar mutanen kurmi.

Ina ruwanmu da wannan labari?

Idan muka duba da kyau, mu mazauna kan iyaka mun fi kowa sanin cewa kunne ba ya tambayar takardar shaidar ƙasa. Algaitar da ake busa wa Lamidon Garwa ranar hawa, sunanta ma daga Larabcin Arewacin Afirka ya zo, kuma hanyar fatake ta biyo. Finafinan Indiya sun shigo Arewacin Nijeriya tun shekarun 1950 ta hannun Kwarori masu gidajen siliman, iyayenmu suka haddace waƙoƙinsu ba tare da jin yaren ba. Direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Yola zuwa Garwa sun sha cika mota da kaset ɗin Sudan, da na Franco na Kongo, da na Jim Reeves da Don Williams, fararen Amurka masu waƙar ƙauye. Marigayi Ali Baba, ɗan Garwa da ya rasu a 2004, ya ɗauki Hausa da Fulatanci ya ɗora su a kan jita da kayan zamani a shekarun 1980, mutanen Duwala da Yawunde suka yi rawarsa. Duk wannan a gaban idonmu aka yi.

Amma duk da haka ɗabi'ar ba ta bar mu ba. Yaron da aka ji yana sauraren makosa sai a ce ya zama Gadamayo, wanda ke son goge ko garaya kuma abokansa su ce masa baƙauye, ɗan kudun da ya nemi waƙar Shata a tambaye shi ina ruwansa da ita. Ana ganin abin wasa ne, amma asararsa a bayyane take. Ta farko a aljihu take, domin mai sayarwar da ya yanke wa mai saye hukunci daga ganin hula, ya rufe wa kansa ƙofar ciniki. Ta biyu kuma, kayan kiɗanmu na gado suna ƙarewa tare da tsofaffin da suka iya su, saboda mun koya wa yara jin kunyarsu, kamar yadda aka so a koya wa Francis a Duwala. Ta ukun ta fi nauyi, domin wanda ya saba cewa mutanen kaza ba su san daɗin kiɗa ba, gobe shi ne zai ce mutanen kaza ba su da amana, ba a ba su bashi, ba a haɗa jari da su. Mu kuwa abincinmu yana cikin hulɗa da kowane irin mutum, daga Banki har tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, daga can har unguwar New Bell ta Duwala.

Saboda haka muke kira ga 'yan'uwa masu tura waƙoƙi da sauran 'yan kasuwa baki ɗaya, idan baƙo ya tsaya a gabanku, ku bari ya faɗi abin da ya kawo shi da bakinsa. Ga iyaye kuma, idan yaro ya nuna sha'awar molon kakansa ko jitar maƙwabta, a duba abin da waƙar ke faɗa da tarbiyyar da ke ciki, a bar zancen ƙabilar mai ita. Marigayi Francis Bebey ya yi shekara 71 yana sauraren abin da ya ga ya yi masa, ya kuma bar wa Kamaru suna a duniya ta wannan hanya.

A nan za mu dakata, sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba da tarihin wani. A ci kasuwa lafiya.